Daga Ƙahon Wanzami zuwa Ƙwayar Hawan Jini a Birnin Kudu da Gwaram

Kafin asibiti ya yi ƙarfi a kudancin Jigawa, mutumin da ƙeya ta yi wa nauyi, ko jiri ke ɗiba, wurin wanzami yake zuwa. A aske masa ƙeya, a tsattsaga da aska, a kafa ƙaho a zuƙe jinin da ake cewa ya mutu, ya tashi yana jin sakayau. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, sai a ce iska ce ta buge shi, a shiga neman rubutu da turare. Duk wannan ya ginu ne a kan fahimta guda: cuta baƙuwa ce, idan magani ya kore ta sai a ajiye magani. A ganina wannan tsohuwar fahimta ce har gobe take kayar da masu hawan jini a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, fiye da rashin ƙwayar kanta.

Su ma likitocin Turawa sun jima cikin kuskure. A 1929 wani likita mai suna Donnison ya rubuta daga Kenya cewa da ƙyar ake samun hawan jini a jikin 'yan Afirka, sai da irin su Farfesa Akinkugbe na Ibadan, da littafinsa na 1972, suka rushe wannan zato. Maganin sa fitsari, chlorothiazide, ya fito a Amurka wajen 1958. James Black na Birtaniya ya kawo propranolol mai sassauta bugun zuciya a 1964, atenolol ya biyo baya a 1976. Wani bincike a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a 1982 ya nuna mai sassauta bugun zuciyar ba ya yi wa baƙar fata aiki sosai shi kaɗai, domin namu hawan jinin ya fi alaƙa da riƙe gishiri da ruwa a jiki. Amma idan an haɗa shi da na fitsari, sai ya ci. Ƙwaya irin Tenoretic haɗin nan ne, atenolol da chlorthalidone a dunƙule.

Bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991, asibitin Birnin Kudu ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya, tsarin kiwon lafiya na Gunduma na 2007 kuma ya matso da awon jini kusa da ƙauyuka. Ga manomin da ya hau mashin daga wani ƙauyen Gwaram ya zo ganin likita, ƙwaya ɗaya da safe ta fi biyu sauƙin tunawa. Sai dai da ciwon kai ya lafa, sai katin maganin ya koma ƙarƙashin katifa da sauran ƙwayoyi a ciki, domin a lissafinsa ya warke, kamar yadda kakansa ke warkewa bayan ƙaho.

Za a ce mutane na da hujjar dainawa, kuma ban raina ta ba. Ƙwayar tana sa yawan fitsari, alwala ba ta zama, ga ƙishirwa ranar azumi cikin zafin bazara. Tana kawo kasala, wasu maza na kukan raunin gaba a ɓoye, mai asma kuma ba a ba shi ita. Za a kuma ce zamaninta ya wuce, tunda Ingila ta cire irinta daga sahun farko a 2006, binciken da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida a 2019 kuma ya fifita haɗin da ke da amlodipine. Duka gaskiya ne. Amma waɗannan dalilai ne na komawa wurin likita ya sauya ƙwaya, kuma sabon haɗin ma kullum ake shan sa, wanda ya ajiye tsoho da ya ji sauƙi haka zai ajiye sabo. Tsohon haɗin ma ya fi hatsarin a yanke shi farat ɗaya, don zuciyar da aka saba sassautawa takan zabura da bugu, jini ya yi sama, mai ciwon zuciya ya shiga uku. Zoɓo da tafarnuwa da ake komawa gare su ba sa tare wannan.