Kukan Talaka a Fim: Daga Shaihu Umar Zuwa Ruwan Challawa

Ya ɗan'uwa marubuci, tun kafin zuwan bidiyo kukan talaka ya shiga fim ɗin Hausa. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Uwa ce aka sace mata ɗa, ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ta keta Sahara, ba ta daɗe da ganinsa ba ta cika. Amma fa da kuɗin gwamnati aka yi shi.

Sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, kyamara ta dawo hannun 'ya'yan talakawa. To, sai soyayya ta mamaye kasuwa, waƙa da rawa suka biyo baya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a shekarun nan ne aka gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, aka kammala ta a 1992. Ruwa ya ci gonaki, aka tashi ƙauyuka. Kaset kuwa ya isa gidajen kallo na Ƙaraye da Rogo. Manomin da ya baro kabarin mahaifinsa a ƙarƙashin ruwa, shi ne ya biya kuɗi ya zauna kallon soyayyar 'ya'yan attajiran birni.