Izu biyu a rana: lissafin da tsofaffin Kusfa suka bar mana

Jama'a, tunda Sha'aban ya raba tsakiya nake ganin ana ta yawo da jadawalin azumi a nan Facebook da WhatsApp. Sauka biyar, tahajjud kowane dare, tafsiri uku a wuni, itikafi a ƙarshe. Allah Ya ba da iko. Ni dai bara na rubuta irinsa da hannuna na manna a bayan ƙofar ɗaki, kuma bari in faɗa muku yadda muka ƙare.

Kwana tara na farko kamar in tashi sama. Ran 13 ga wata, bayan sahur na ce bari in ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai da rana ta fito. Asuba ta wuce ni, ni mai sauka biyar. Da yamma kuma na yi wa maiɗakina tsawa a kan kunu bai yi sanyi ba, matar da tun azahar take gaban murhu da azumi a bakinta. Daga ranar jikina ya yi sanyi. Kunya ta hana ni duban takardar, sai na bar karatun ma gaba ɗaya, aka ga watan Salla ban kai izu arba'in ba.

Da na je gaida Baffa ran Salla na ba shi labari, dariya ya yi ta yi. Ya ce, "Kai ɗan nan, azumi ka ɗauka sukuwar Salla ce? Ubanka shekara nawa ya yi, izu biyu yake yi a rana, ka taɓa jin bai sauke ba?"

Gaskiya ne. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, maɗinkin babbar riga ne, kuma kowa ya san watan azumi shi ne kakar maɗinka. Alƙur'aninsa bugun Warshu ne, falle-falle a cikin gafaka. Izu ɗaya bayan asuba kafin ya ɗauki allura, ɗaya bayan la'asar. Ran Juma'a yakan ƙara ɗaya, saboda in wata ya zo da 29 kada ya bar shi da bashi. Shi ke nan. Ina yaro gani nake abin ya yi kaɗan. Sai yanzu na gane ba shi ya ƙirƙiro lissafin ba, gado ne. Alƙur'ani izu 60, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan. Raba 60 gida 30 ka gani. Da wannan ma'auni makarantar allo ta raini iyayenmu: malam ba ya ƙara maka sai ka iya na allonka an wanke. Hatta watan sun yanka shi uku, goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Salla. Wanda ya sa wa goman tsakiya wannan suna ya san za a gaji, ya kuma yi tanadin gajiyar tun kafin ta zo.

Mu da muka tashi a Kusfa akwai wani misali a ƙofar gidanmu. Nan ne gida da zawiyar Shehu Abdulƙadir Zariya, ɗaya daga manyan almajiran Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar nan, sa'o'in su Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari da Shehu Atiku Sanka na Kano. Shehu Inyass ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937, daga nan Faila ta bazu a Arewa cikin shekarun 1940 da 1950, Kusfa ta zama ɗaya daga cibiyoyinta. Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ma yana cikin waɗanda suka yi karatu a gaban Shehu Abdulƙadir. To me ake ɗora wa wanda ya karɓi ɗariƙa a matsayin lazimi? Istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Ba ya cin minti ashirin. Amma sharaɗinsa shi ne har mutuwa. Mai dubbai yana iya ƙarawa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, abin da aka ɗaure shi da shi dai ɗan kaɗan ne.

Kafin wani ya sauko min a ƙasa, ba tallan ɗariƙa nake ba. Ɗan Izala ma da ya riƙe azkar ɗin safe da maraice ya san abin da nake nufi. Ma'aunin nake nuna muku.

Dubi tafsirin da muke zuwa. Littafin da ke hannun yawancin malamai, mai jan baƙi yana ja suna fassarawa, Jalalaini ne. Jalaluddini Mahalli ya faro daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, ya dawo ya yi Fatiha, ajali ya riske shi a 864 Hijira bai kammala ba. Jalaluddini Suyuɗi, wanda daga baya har wasiƙa ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim, shi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i. Ya fara ran 1 ga Ramadan 870, ya gama ran 10 ga Shawwal, kwana arba'in, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Masu jadawali za su ce ka gani ko, kwana arba'in! E na gani. Amma rabin littafin nan na mutumin da bai gama ba ne, kuma yau shekara sama da 500 ana karanta rabinsa. Sannan malamanmu da ke riƙe da shi, nawa ne ke sauke shi a azumi guda? Inda aka tsaya ran rufewa, nan ake ɗorawa baɗi. Wani sai ya shekara biyar, wani fiye, kafin a yi walimar sauka, ba wanda ya taɓa cewa malam ya gaza.

Wanda ya fi burge ni Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya rubuta babban tafsiri, Liya'ut Tawili, ya gama a 1231 Hijira, cike da ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da nahawu. Da ya ga ya fi ƙarfin yawancin almajirai, bai ce su ƙara himma ba. Zama ya sake yi ya taƙaita shi, ya tsaya kan riwayar Warshu da mazhabar Maliku, abin da mutanen ƙasar suke kai. Sunan da ya sa masa, Kifayatu Du'afa'is Sudan, wato abin da zai wadaci raunanan ƙasar Sudan. Mutumin da ya yi jihadi, ya yi mulki, ya wallafa littattafai masu yawa, shi ne ya zauna yana auna abin da mai rauni zai iya ɗauka. Ni kuwa bara ko a cikin raunanan ban yarda in sa kaina ba.

Abin da ya canja, a ganina, yawan abin da ke shigo mana ne. Dā mutum majalisi ɗaya yake zuwa, wanda ƙafarsa ke kai shi. Sai rediyo ta zo: tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna tun shekarun 1960, daga baya na Shehu Ɗahiru, aka samu biyu a ɗaki. Yanzu waya ta kawo ɗari. Ka buɗe wannan minti uku, ka tsallaka wancan, ka tsaya kan wanda ake raddi, a yi kiran magariba ba ka riƙe aya ɗaya ba. Kuma kullum kana ganin wani ya sa hoton saukarsa ta uku.

Na san za a ce magabata suna sauka a kwana uku, har an ruwaito Imamu Shafi'i yana yin sittin a watan. Ban musa ba. A cikin ganuwar nan ma akwai alarammomin da izu ashirin a wuni ba komai ba ne a wurinsu. Amma su wata goma sha ɗayan da suka wuce a kan tilawar suke. Kai da ni da muka karkaɗe ƙurar Mushafi ran 29 ga Sha'aban fa? Labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yana cikin Buhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya riƙa sauka a wata, ya ce zai iya fiye da haka, aka yi ta ragewa har aka kai kwana bakwai. Da tsufa ya zo, da bakinsa ya yi fatan da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko. Sahabi ke nan.

Akwai kuma waɗanda masu jadawalin nan ba sa tunawa da su sam. Tela da goman ƙarshe ke samunsa kan keke har asuba. Ɗan acaɓa cikin ranar nan ta bazara. Matar da ke da goyo da tukwane huɗu. In aka ce musu wanda bai yi sauka uku ba ya yi asarar wata, sai su fid da rai tun daren farko, su bar har ɗan abin da za su iya. Wannan ɓarnar na gani a kaina, don haka nake jin zafinta.

Bana ban manna komai a ƙofa ba. Izu biyu, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan la'asar, da ƙarin na Juma'a. Salloli biyar cikin jam'i, asham a masallacin unguwa, majalisin tafsiri ɗaya da ƙafata. Bayan sahur ba kwanciya sai na yi sallah. Tahajjud sai goman ƙarshe, in da sauran ƙarfi. Akwai wani da nake riƙe da kuɗinsa tun kafin Babbar Salla, na ce masa kafin 10 ga wata zan kai masa. Maiɗakina kuma mun yi da ita, daga la'asar zuwa biyar yaran suna hannuna, ita ma ta samu ta yi nata izun.

Gafakar mahaifinmu tana wurin Baffa. Ya ce in zo in karɓa ran Juma'a bayan an sauko.