Dambun nama da ɗan'uwan sa na Ingila: Tarihin da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari

Kwanan baya aka kawo mani wani sabon fim domin in yi sharhin sa. A ciki akwai wata fitowa ta ranar Babbar Sallah a gidan wani attajiri. Ga falo ya sha kujeru, ga Hajiya ta ci kwalliya, sai ga 'yar aiki ta shigo da faranti. Me ke ciki? Mitfai guda shida da lemon kwali! Babu soyayyen nama, babu dambu, kai ko hayaƙin suya ba a nuna a tsakar gida ba. Na tsayar da fim ɗin na yi ta dariya ni kaɗai. Wai gidan Bahaushe a Kano, ranar layya!

Ba laifin wannan darakta ba ne shi kaɗai. Tun daga 'Turmin Danya' a 1990 zuwa yau, idan 'yan fim ɗin mu su na so su nuna arziki, to abincin kanti su ke ɗorawa a tebur. Marubutan mu mata sun fi su a nan, domin a littafin soyayya sai ka ji an yi shafi biyu a na lissafa abin da amarya ta girka. Amma su ma ba su cika tambayar daga ina abincin ya fito ba. Shi ya sa a wannan watan na ajiye sharhin fim, na ɗauko tarihin niƙaƙƙen nama na biki, wanda ni a gani na ya haɗa Fagge da Sabon Gari da Ingila a cikin turmi guda.

Ni ɗan Fagge ne. Mahaifiya ta ta yi koyarwa tare da wata dattijuwa Kirista mazauniyar Sabon Gari, wadda mu ke kira Mama. Duk Sallah ni a ke aika da gwangwanin madara cike da dambun nama in kai mata, ita kuma duk Kirsimeti sai ta aiko da cincin da shinkafa da kaza. Wata shekara na je gaishe ta sai ta ba ni wasu 'yan ƙananan fai masu zafi, ta ce sunan su mins-fai, abin da ke ciki kuma minsmit, wato niƙaƙƙen nama. Na gatsa, na ji zaƙi da ƙamshin kanumfari. Na sake gatsawa. Na ce, "Mama, ina naman?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗa na, ai haka Turawa su ke yin abin su. Sunan ne na nama, amma naman ya daɗe da tafiya." Mahaifin ta kuku ne a gidan wani Bature a Nassarawa zamanin mulkin mallaka, a hannun sa ta koya. Ta kuma gaya wa mahaifiya ta kada ta damu: Turawa na zuba barasa a ciki, ita ruwan lemo ta ke matsawa, kitsen kuwa na sa ne daga Abbatuwa.

Mama gaskiya ta faɗa, naman tafiya ya yi, amma da can ya na nan. A Ingila ta dauri, idan hunturu ya gabato ciyawa ƙarewa ta ke yi, sai manoma su yanka dabbobin da ba za su iya ciyarwa ba, galibi a cikin Nuwamba. Ga nama ya taru, ga Kirsimeti sai 25 ga Disamba, ga babu firij. Ka ga matsalar ta yi kama da wadda ka sani, ko? Mafi yawan naman gishiri a ke labta masa. Masu hali kuma sai su daddatsa shi ƙanana, su haɗa da kitse da busassun 'ya'yan itace da kayan ƙamshi, su rufe a cikin kwaɓin fulawa su gasa. Akwai wani littafin girki na fadar Sarki Richard na Biyu, 'The Forme of Cury', na wajen 1390, wanda tuni ya ke ɗauke da irin wannan haɗi na nama da ɓaure da zabibi. A 1615 Gervase Markham ya kawo nasa a littafin 'The English Huswife': cinyar tunkiya, kitse, zabibi, dabino, ɓawon lemo, kanumfari da masoro. Mai karatu, cire ɓawon lemon ka duba sauran. Duk a rumfa ɗaya za ka same su a kasuwar Kurmi, in ban da cinyar.

Sai dai kada mu ɗauka adana nama ne kaɗai dalili. Kayan ƙamshin nan daga gabas mai nisa a ke kawo su, tsada gare su, saboda haka zuba su a fai ma wani nau'in nuna isa ne, kamar dai mitfai ɗin Hajiyar fim ɗin can. Abin ya manne da Kirsimeti sosai, har masu tsaurin ra'ayin addini su ka tsane shi lokacin da majalisar Ingila ta soke bikin a 1647, kafin a dawo da shi a 1660. Labarin da a ke yaɗawa wai Oliver Cromwell ya kafa doka ta musamman a kan mins-fai, wannan ƙari ne kawai irin na masu ba da labari.

To ina naman ya tafi? Sukari ne ya kore shi. A ƙarni na 18 sukari ya yi araha a Ingila saboda gonakin rake na tsibiran Karibiyan, waɗanda bayi daga Afrika ta Yamma su ke nomawa. Zaƙi ya yi ta ƙaruwa, nama na raguwa. A littafin Hannah Glasse na 1747 naman ya zama ganin dama, in ka so ka saka. A 1861 Misis Beeton ta kawo iri biyu, ɗaya da naman sa, ɗaya babu. Zuwa ƙarni na 20 sai kitse kaɗai ya rage ya na tsaron gida, yau kuma har shi ma wasu sun maye gurbin sa da man itace. Suna ya zauna, mai suna ya yi ƙaura.

Mu dawo gida. Bahaushe ma ya na da ranar da nama ke fin ƙarfin tukunya, wato layya. A gidaje da yawa a Kano rataye ragon a ke yi ya kwana ya tsane, washegari a yanyanka. Kai da ƙafa na da tukunyar su, kayan ciki a soye su tun ranar farko, kitse a narkar a yi kakiɗe, sauran a soya ƙarau. Amma tsokar cinya, wadda ba kitse ba jijiya, ita a ke ware wa dambu. Kaka ta, Allah ya jiƙan ta, ba ta yarda kowa ya taɓa wannan kason. Za ta dafa shi da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ruwan ya ƙone a jikin sa, naman ya yi ligif. Sai a juye a turmi tun da zafin sa a kirɓa, a bi da hannu a na warware shi zare-zare. Sannan aikin gaske ya fara: man gyaɗa a kasko, wuta kaɗan-kaɗan, muciya ba ta tsayawa. Wanda ya yi gaggawa a nan ya yi asara, domin waje zai ƙone ciki da danshi, bayan mako biyu a buɗe a ga ya yi furfura. Ita ta kan ce kunne ke gane dambu ya yi, ba ido ba. Idan kumfar man ta kwanta, ƙarar ta sauya ta koma kamar ta yashi, to a sauke. A matse man, a barbaɗa yaji, a shanya a faranti ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka yi haka ya kan yi watanni. Shi alhazai ke sawa a jaka, shi a ke ɗaura wa 'yan makarantar kwana, shi a ke kai wa amarya.

Ga inda na ke ganin bambancin mu da Turawa. Su sun zuba nama da zaƙi a tukunya ɗaya, sai zaƙi ya cinye nama. Mu kuwa raba su mu ka yi. Kanumfari da citta da masoro da kimba su na shiga yajin dambu, su na kuma shiga nakiya, wadda a ke yi da shinkafa da zuma ko sukari da man shanu, ita ma ta daɗe ba ta lalace ba. Wato minsmit ɗin Markham, in ka duba da kyau, dambu ne da nakiya aka ɗaura wa aure. Mu da ba mu ɗaura ba, har yau kowa na nan da ran sa.

Yaya aka yi waɗannan girke-girke su ka zama maƙwabta? Fagge tsohuwar unguwa ce a wajen ganuwa, wadda a ke danganta kafuwar ta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), zango ce ta ayarin Buzaye da fataken arewa. Mutanen da ke tafiyar wata da watanni a kan raƙumi sun san darajar busasshen nama da dabino fiye da kowa. Alkama ma ba baƙuwa ba ce a Kano, ga gurasa ga alkaki ga dubulan. Abin da babu shi ne a cusa nama a cikin kwaɓi a gasa a tanda irin ta Bature. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai aka yanka Sabon Gari a wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu da Saliyo da Gwalkwas. Da gangan aka ware su, ba a ma sa unguwar a ƙarƙashin En'e ba sai a 1940. Su ne su ka zo da coci da Kirsimeti da gidajen burodi. A ɗaya gefen kuma Kwarori su ka kafa Kantin Kwari, su ma da nasu kirɓaɓɓen naman, kibbe, wanda a ke dakawa da alkama a turmin dutse. Su ɗin dai su ka buɗe sinimar Rex a 1937, don haka fim da fai kusan tare su ka shigo mana.

Mins-fai mai zaƙi bai yi kasuwa a nan ba. Ya tsaya a gidajen Turawa da na kukun su da 'yan tsirarun iyalai irin na Mama. Ɗan'uwan sa mai gishiri, wanda aka cika da niƙaƙƙen nama da dankali da karas, shi ya samu karɓuwa, ta hanyar gidajen burodi da kantuna irin su Kingsway da Leventis, daga baya kuma Mr Bigg's da kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986. Har hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi daga 1987 zuwa 1992 bai kashe shi ba. Yau matan Fagge na yin mitfai da samosa a azumi kamar sun gada, matan Sabon Gari kuma na sayen dambu a roba su aika wa 'ya'yan su a Inugu.

Wani zai ce ai yanzu akwai firiza, me za a yi da wahalar turmi? A Ingila sanyin inji da gwangwani sun sa adana nama ta tsohuwar hanya ya zama tarihi. Mu nan NEPA ta zama PHCN a 2005, aka miƙa wa KEDCO a 2013, amma har yau ban ga uwar gidan da za ta damƙa wa soket ragon layya guda ta yi barci ba. Ni a gani na rashin tabbas ɗin wuta na daga cikin abin da ya tsare mana dambu. Barazanar daga wani wajen ta ke. Rago ya yi tsada, gawayi da man gyaɗa sun yi tsada, kuma 'yan mata da yawa sun fi gane wa sayen na kaza a roba ta Instagram. Ba na ƙin na sayarwa, wasu ma sun iya ƙwarai. Amma na taɓa sayen wani da rabin sa soyayyar albasa ce. A ran nan na tuna da Misis Beeton.

Titin da na ke tsallakawa da gwangwanin nan ba kullum ya ke tsallakuwa ba. A watan Mayu 1953 an yi kwana huɗu a na faɗa tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari, hukuma ta ƙirga gawa 36. An yi na 1966, wanda ya kusa kwashe unguwar baki ɗaya, aka yi na Oktoba 1991, aka yi na Mayu 2004. Finafinan mu ba su cika leƙa wannan titi ba, kuma idan an nuna ɗan Sabon Gari, galibi don a yi dariyar Hausar sa ne. Mahaifiya ta ta ce a 2004 Mama ta yi wata uku a garin su. Da ta dawo ba wanda ya tada maganar. Sallah na zuwa aka cika gwangwani kamar kullum, yaya na ya kai.

Mama ta koma gida kudu gaba ɗaya bayan ta yi ritaya, amma ta bar wa mahaifiya ta takardar haɗin, da rubutun hannun ta: zabibi, dabino, tuffa, kitse, sukari, kirfa, kanumfari, ruwan lemo, a rufe a kwalba mako biyu kafin a gasa. Bara ƙanwa ta ta gwada, ranar uku ga Sallah, sai ta ɗebi dambu cokali uku ta zuba a ciki, wai ta maida wa Turawa naman su. Baba ya ci ɗaya ya ce a ba shi ruwa. Ni na ci huɗu.