Tarihin Rariyar da Ido Ba Ya Ganin Hudojinta

A wannan makon mun ɗauko tarihin wani dutse mai suna ziyolait.

A shekarar 1756 masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gasa wani dutse, sai ya ga yana fitar da tururi kamar tukunya a kan murhu. Ya raɗa masa suna da Girkanci, ma'anarsa dutse mai tafasa. Ashe cikinsa cike yake da hudoji masu girma ɗaya, waɗanda ke barin ƙananan ƙwayoyin sinadari su shige, su tare manya. A 1948 Richard Barrer ya haɗa irinsa a ɗakin gwaji a Ingila, zuwa 1954 kuma kamfanin Union Carbide na Amurka ya fara sayar da na haɗi.

To amma gari ne da 'yan dunƙule. Su tsotsi ruwa su ƙoshi, sai an sake gasa su. Injiniyoyi kuwa rariya ta gaske suke so: shafe siriri a jikin bututun yumɓu mai tsatsafo, wanda zai yi ta tacewa ba hutu. Nan gizo ke saƙar, kuma a ganinmu nan ne tarihin ya fi daɗi. Hudar nau'in da ake kira ziyolait A ba ta wuce kusan nanomita 0.4 ba, wato ruwa na wucewa, sinadarin etanol da ƙyar. Tsaga ɗaya tak, ko wadda ido ba ya gani, ta isa ta ɓata aikin, domin komai can zai kwarara, kamar rariyar da ta yage ana tsakiyar tankaɗe. In an kaurara shafen, tacewa ta yi nawa. In an sirantar da shi, ya bar giɓi.

Fiye da shekara 40 aka yi kafin a kai gaci, kuma dabarar ta manoma ce. A goga garin ziyolait a jikin bututun kamar yafa iri, a tsoma shi cikin ruwan sinadari mai zafin kusan digiri 100 na 'yan sa'o'i, ƙwayoyin su girma har su haɗe da juna. Da wannan ne kamfanin Mitsui na Japan ya kafa masana'antar farko a ƙarshen shekarun 1990, don cire ruwa daga etanol da danginsa, tunda tafasawa kaɗai ba ta kai etanol sama da kashi 96 cikin 100.

Silika da alumina da ake haɗa ziyolait da su, akwai su a farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, har masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya sun haɗa ziyolait daga gare ta.