Ƙofar Larry Bird da malaminmu na lissafi

Wani ɗalibina a Filinge ya tare ni da tambaya: in gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, tana da iyakar albashi, yaya Michael Jordan shi kaɗai ya karɓi fiye da abin da aka yanke wa ƙungiya sukutum?

A farkon shekarun 1980 ƙungiyoyi da dama asara suke yi. A 1983 masu ƙungiyoyi da ƴan wasa suka daidaita: ƴan wasa su samu kashi 53 cikin ɗari na kuɗin shiga, su kuma yarda da iyaka. Ta fara aiki a kakar 1984-85, dala miliyan 3.6 ga kowace ƙungiya, shekarar da Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas.

Sai dai an bar ƙofa. In yarjejeniyar ɗan wasanka ta ƙare, kana iya sabunta masa ko da za ka zarce iyaka. Yau sharaɗin shi ne ya yi kaka uku bai bar ka ba. Ana kiran ta da sunan Larry Bird na Boston, ko da yake shi ya riga ya sa hannu tun 1983, kafin iyakar ta kankama. Ta nan Chicago ta biya Jordan dala miliyan 33 a kakar 1997-98, alhali iyakar miliyan 26.9 ce. Masu ƙungiyoyi suka ga abin ya yi yawa, suka rufe filaye a 1998. Wasanni 50 aka buga maimakon 82, aka kuma sa wa albashin mutum ɗaya tasa iyakar.

Na san mai aljihu ya fi morar ƙofar. Duk da haka ina ganin hikimarta: an ba gari damar riƙe wanda ya reno.

Mu a makarantarmu ba mu da irinta. Malaminmu na lissafi ya shekara uku a Kurfai, yara sun fara son darasin, sai ya nemi sauyi zuwa Yamai. Iyaye suka tara masa damman hatsi, wani ya ba shi ɗaki kyauta. Darakta kuwa ko dala ba shi da ikon ƙara masa. Da aka koma hutu a Oktoba, ni mai koyar da tarihi aka miƙa wa ajinsa.