Tarihin Horar da Malaman Kwaleji a kan Koyar da Rubutu: Daga Zariya Zuwa Mubi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta waiwayi tarihin koyar da rubutu a manyan makarantun Arewa domin amsa tambaya guda: a wuyan wane malami nauyin yake? Mun ɗauki yankin Mubi a matsayin misali, inda ɗalibin da ya taso a Vimtim yake magana da harshen Fali a gida, da Hausa a kasuwa, sa'annan a nemi ya rubuta rahoton bincike da Ingilishi.

2.0 Tushen Al'amarin

An buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai. A 1933, Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma uku daga cikin waɗanda aka buga littattafansu malaman makaranta ne: Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko Imam daga Midil ta Katsina zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, East yana duba daftarin, suna tattaunawa, ana gyarawa. Wannan zama shi ne misali mafi bayyana da muke da shi na horar da malami a kan rubutu: a rubuta, a duba, a sake.

3.0 Bayan Samun 'Yanci

Rahoton Ashby na 1960 ya share fagen kafa manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da ta Zariya a 1962. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya ƙara yawan ɗalibai, har duba daftarin kowa ya gagara. Sannu a hankali aka tattara koyar da rubutu a darasin Amfani da Ingilishi na sashen darussan gama-gari. Sai malamin aikin gona ko na lissafi ya ɗauka cewa rubutu ba huruminsa ba ne.

A daidai wannan lokaci wasu ƙasashe suka bi wata hanya dabam. A Amurka, Barbara Walvoord ta fara tara malaman fannoni daban-daban a 1970 domin su nazarci rubutun ɗalibansu tare. A Ingila kuwa, rahoton Bullock na 1975 ya nemi kowace makaranta ta tsara manufar harshe da ta shafi dukkan darussa. Hujjarsu ita ce, kowane fanni yana da tsarin rubutunsa, kuma mai fannin ne ya fi saninsa.

4.0 Yankin Mubi

Mubi ta shigo Nijeriya ne a 1961, bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Arewacin Kamaru. An mayar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya daga Yola zuwa Mubi a 1982, aka kuma kafa Jami'ar Jihar Adamawa a garin a 2002. A Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da Vimtim, makarantu suka rufe, karatun yara ya yanke. Yawancin yaran da suke firamare a lokacin sun kai shekarun shiga kwaleji. Kowannensu zai rubuta rahoton koyon aiki da kundin kammalawa, kuma malamin fanninsa ne zai duba, ba na Ingilishi ba. Idan ba a horar da wannan malami ba, jan biro kawai ɗalibin zai gani, ko kuma ya koma ga kwafe aikin wani.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, muna ba masu tsara manhaja shawarwari uku. Na farko, a riƙa shirya bita a kowane zangon karatu, inda malaman fannoni da na harshe za su duba ainihin rubutun ɗalibai tare. Na biyu, a ware maki ga daftarin farko da na biyu, ba ga aikin ƙarshe kaɗai ba. Na uku, a bar ɗalibi ya tsara tunaninsa da Hausa ko harshen gida kafin ya rubuta da Ingilishi. Abin da East ya yi wa Imam a 1936, shi ne haƙƙin ɗalibin Vimtim a kan kowane malaminsa.