Ɗaukar Hoto a Sakkwato, Daga Baƙin Ƙyalle Zuwa Kati

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa cikin 1809, ganuwa ce ta kewaye shi da ƙofofi 8, Ƙofar Marke tana cikinsu. Yau ganuwar ta zube ta koma ƙasa, gidaje sun hau kanta, sunan ƙofa ya zama sunan unguwa. In yaro ya tambaye ka yadda ƙofar take tun farkon gininta, sai dai ka kwatanta masa da baki, gama Bello ya rasu cikin 1837, hikimar ɗaukar hoto kuwa ba ta bayyana ba sai 1839, a ƙasar Faransa. Baƙin Turawan da suka zo a zamanin nan, watau Kilafaton wanda aka sani da Abdullahi, cikin 1824, da Bart Bajamushe, Abdulkarimu, cikin 1853, da alƙalami suka rubuta abin da suka gani.

Bayan da Turawa suka ci garin ran 15 ga Maris, 1903, aka yi ta ganin akwatin ɗaukar hoto a hannun hafsoshi da Razdan da Di'o. Abin da ya burge su shi suka ɗauka: sarakuna bisa dawaki, da kasuwa, da masu jima. Yawancin hotunan sun bi masu su Ingila. Daga baya masu hoto na ƙasa suka kafa sana'a. Dattawa sun san su: akwati bisa ƙafa 3, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, kai kuwa ka ƙame bisa benci ba ko ƙiftawa. Mutum yakan je ne in larura ta kama, kamar fasfo na zuwa Haji ko takardar neman aiki. Kana aka sami fim mai launi, da ɗakunan wanke hoto, da samarin nan masu bin biki, su ɗauka, su ruga su wanke, su komo su baza a ƙasa tun jama'a ba su watse ba.

Kyamara marar fim a Amurka aka fara ƙera ta, cikin 1975, a kamfanin Kodak, a hannun wani injiniya Sason. Ita ba ta aiki da maganin wanki, sai ta kasa hoton ɗigo-ɗigo, ta mayar da kowane ɗigo lamba, ta ajiye. Ta farkon nan ɗigo 10,000 kaɗai gare ta, ba launi, nauyinta ya fi kilo 3, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto guda cikin kaset. Cikin 1995 kamfanin Casio na Japan ya fitar da wadda ke da ɗan gilashi a baya, mutum ya ga abin da ya ɗauka nan take. Zuwa shekara ta 2000 Canon ya yi mai ɗigo miliyan 2 wadda ke shiga aljihun taguwa. Daga nan ciniki ya buɗe. Cikin 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori wajen miliyan 121, amma cikin 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta karya su, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya cikin 2001, tun tana ta magana kaɗai har ta yi ido. Kodak ɗin da ya haifi abin, shi kansa ya karye cikin 2012.

To, a lura da abin da ya auku a Sakkwato cikin 'yan shekarun nan da ƙaramar kyamara ta yi tashe. Ran 29 ga Oktoba, 2006, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu cikin haɗarin jirgin sama, Allah ya jiƙansa, aka naɗa Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar cikin Nuwamba. Cikin Satumba, 2010, gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye garuruwa da gonaki, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan ne karo na farko da talaka ya sami ikon ɗaukar irin waɗannan al'amura da hannunsa, ba sai Bature ko ma'aikacin gwamnati ba. Amma ina hotunan? Na fim dole ne a wanke su, don haka suna nan cikin akwatunan mata, sun yi ja, amma ana gane fuska. Na kati kuwa ba wanda ya tilasta a buga su a takarda. Kati ya cika an share, kwamfuta ta lalace an yar, faifan da aka zuba su ya karce. Sai ka iske gida yana da hoton auren kaka, ba shi da na auren jika.

Ana nan, wajen 2022, sai samari da 'yammata na Amurka da Turai da Japan suka shiga tono waɗannan kyamarori daga cikin komatsai, suna baza hotunansu a TikTok da Instagram, har kuɗinsu ya tashi a gwanjo. Abin da ya shiga waya kuwa ba ya daɗewa bai iso Ƙofar Marke ba. Dalilinsu ba na wauta ba ne. Wayar yanzu, mai ɗigo miliyan 50 ko fiye, takan ɗauki hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta haɗa su, ta goge ƙuraje, ta haska fata, har mutum ya fito kamar ba shi ba. Tsohuwar kuwa mai ɗigo miliyan 3 ko 5 walƙiyarta take dallara maka, baya ya yi duhu, ido ya yi ja, hoto ya yi tsaki-tsaki. A ganina sun yi gaskiya da suka fi amincewa da shaidar da ba ta iya kwalliya ba.

Sai dai akwai wani abu da duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis zai tsaya a kansa. Kowace kyamara irin wannan tana da agogo a ciki, tana rubuta rana da sa'a a jikin kowane hoto, wasu ma su buga shi a kusurwa da jan rubutu. In ta shekara 15 a ajiye, ƙaramin batirin da ke riƙe da agogon ya mutu, sai ta koma ranar da masu ƙira suka sa mata, yawanci 1 ga Janairu na wata shekara da ta wuce. Yara da yawa ba su gyarawa, wasu ma da gangan suke bari, don hoton ya yi kama da na da. Ke nan hoton titin Ƙofar Marke na bana zai fito da hatimin 2005, da dishi-dishin 2005, alhali shagunan da ke ciki ba a gina su ba a lokacin. Mai binciken da zai zauna a Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu nan da shekara 50, in irin wannan ya faɗo hannunsa, da me zai ƙaryata shi? Wasiƙar da ba ta da kwanan wata akan ajiye ta gefe a bincika, amma mai kwanan watan ƙarya kai tsaye take shiga fayil.

Wanda ya sayi irin kyamarar nan a gwanjo kuma, ya duba ramin kati kafin ya share kome. Sau da yawa akan sayar da ita da katin mai ita na farko a ciki, da suna, da walima, da hawan salla, da fuskokin waɗanda yanzu ba su da rai.